Tabarmin Makokina

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da kuka fara wayo, bari in gaya muku zancen keken nan da ke rataye a zaure, tunda na ga mutanen unguwa sun riga ni gaya muku, kuma sun gaya muku a karkace. Makon jiya jikana Attahiru ya dawo daga yawon keken da suke yi da samarin nan masu hular kwano da matsattsun wanduna, ya tsaya a kaina yana sosa ƙeya, wai wani tsoho a bakin masallaci ya ce masa kakansa ne mutumin da ruwa ya nema ya ba da wani a madadinsa. Ban amsa masa ba, don abin da ya taso mini a ƙirji ba na faɗa a gaban yaro ba ne. Amma na ce kafin ƙasa ta rufe mini ido sai na ajiye muku maganar yadda take. Keken ba nawa ba ne, na aminina Tukur ne, kuma ban ba da Tukur ba.

Ni da Tukur tare muka tashi a nan Ƙofar Taramniya. Gidansu ne na ƙarshen lungunmu, kusa ƙwarai, in an soya albasa a can sai mu ji a nan. Ni na gaji dukanci, ina zaune a zauren nan da jar fata da basilla, shi kuwa ya gaji awon hatsi a kasuwa. Halinmu bai zo ɗaya ba ko kaɗan. Ni kun san ni, zuciya a kusa, magana ɗaya biyu na hau. Shi kuwa Tukur ko zaginsa ka yi sai ya nemi abin dariya a ciki ya ba ka. Muka yi aure shekara guda, ni da uwarku Kulu, shi da Luba, matan suka ƙulla ƙawance har ya fi namu. Abin da ya haɗa mu bayan wannan shi ne keke. Nawa marar nauyi ne, mai siraran tayu, na yi masa rigar sirdi da jar fata, na saƙa masa tuntaye a hannu, na ɗinka masa 'yar jaka a ƙarƙashin sirdi ta zuba kayan faci, na buga sunana da na unguwarmu a jikinta da ajami. Na Tukur baƙin keke ne irin na da, mai faɗin taya da kariyar da ke ɗaukar buhun gero ba ta yi ƙara ba. Jaki yake ce masa.

Duk shekara in damina ta fara ja da baya, shinkafa ta sunkuyar da kai a fadama, sai mu rufe sana'a mu ɗaure guzuri mu nufi tafkin da ke arewa da gari, mu zagaye shi mu dawo. Mutanen Sakkwato ba su san tafiyar da ba ta da dalili ba. In ka ce za ka ƙauye sai a ce biki ne ko ta'aziyya, saye ne ko sayarwa? Ka ce a'a, kallo kawai, sai a dube ka da tausayi. Don haka muka samo abin faɗa, ni za ni duba fata, shi za shi duba yabanya. Wallahi duk shekarun nan ko fatar ɗan akuya ban taɓa sayowa ba. Abin da ke kai mu daban ne. Ka bar kwalta da sassafe ka gangara hanyar shanu, raɓa na jiƙa maka ƙafar wando, gero ya fi ka tsawo dama da hagu, sai ka ɓullo kan tudu ka ga ruwa shimfiɗe har inda ido ya ƙare, balbelu fari fat a kan giginyu. Mu bi gefen ruwa daga tunga zuwa tunga, wato 'yan ƙauyukan masunta, inda hayaƙin bandar kifi ke tarbar ka tun kafin ka ga bukka. Mu sha fura a hannun matan Fulani, mu yi salla a inuwar marke, ƙaya ta huda taya mu zauna mu yi faci Tukur na tsokanar yaran da suka kewaye mu. Inda rairayi ya yi yawa mu sauka mu tura. Inda dare ya same mu, mai gari ya ba mu zaure. Ban san wani daɗi a duniya da ya kai wannan ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Abu ɗaya ne ba na yi a tafiyar nan, ba na shiga jirgin ruwa. Ƙanen mahaifina ruwa ya ci, wani ɗan wansa ma haka, sai maganar ta zauna a bakin mutane cewa ruwa na neman gidanmu. Ni ban ɗauke ta da nauyi ba, rai na hannun Allah. Amma Inna, mahaifiyata, ta ɗauke ta. Tun ranar da na sayi keke ta sa na yi mata alkawari ba zan taka jirgi ba muddin tana da rai, kuma duk unguwa an san da alkawarin. Ku riƙe wannan, don shi ne ya zame mini igiya a wuya daga baya.

Shekarar da abin ya faru, wayar hannu ba ta zo ba tukuna. In ka bar gari ka bar shi, sai ranar da aka gan ka. Mun yi rabin zagaye lafiya, sai gwiwar Tukur ta kumbura, yana taka feda yana cije leɓe. Muka iso Tungar Giginya da hantsi. Daga nan hanya biyu ce zuwa Marke, garin kasuwar da muka saba hutawa a ɗaya gefen: ko ka shiga jirgi ka yanke ruwa kafin la'asar, ko ka zagaya ta ƙuryar tafkin, tafiyar yini biyu, rabinta rairayi. Tukur ya ce shi kam gwiwarsa ta zaɓar masa jirgi. Mai jirgin ya riga ya yi lodin buhunan albasa, ya ɗaga jakin Tukur ya ji nauyinsa ya girgiza kai, ya ce sai dai wancan marar nauyin. Ni kuma na san siraran tayuna nutsewa za su yi a rairayin ƙurya. Maganar ba ta buƙaci dogon tunani ba, ko yaro ya ga mafita. Na kwance guzurina na ɗaura a kariyarsa, shi ya ɗauki kekena. Rana ta yi zafi kuma ba inuwa a kan ruwa, sai na cire malfata na kifa masa a kai.

"Kai dai Ladan," ya ce yana dariya, "ruwan da bai kai ma raƙumi ga gwiwa ba kaka tsoro. Riƙe mani jakina da kyau. Mu haɗu Marke ranar kasuwa, in ka iske na cinye kifin, ka kai ƙara wurin Inna."

Na ce masa ya tafi can da ƙafarsa ta tsofaffi. Wannan ce maganar ƙarshe da na yi da aminina, tsokana. Na hau na kama hanya, ban ma tsaya na ga tashin jirgin ba. Da la'asar hadari ya taso daga gabas, irin na ƙarshen damina mai iska fiye da ruwa. Na fake a gindin wata tsamiya har ya wuce, na jiƙe sharkaf, kuma ko sau ɗaya tunanin jirgi bai zo mini ba, don a lissafina sun daɗe da sauka.

Washegari zazzaɓi ya kama ni, irin wanda ke kaɗa haƙora. Na tura keke har na faɗa wata ruga, ban san yadda na isa ba. Fulanin nan, Allah ya saka musu da alheri, suka shimfiɗa mini a bukka, suna ba ni jiƙo da kindirmo, na yi kwanaki ban san gabas da yamma ba. Da na samu kaina na tambayi rana, aka ce kasuwar Marke ta ci ta watse tuni. Na ce to, Tukur ba zai zauna jirana da ciwon gwiwa ba, ya hau motar kasuwa ya koma gida, yanzu haka yana can yana ba mutane labarin ruwa ya kore ni na ɓata a daji. Don haka ban bi ta Marke ba. Na yanke ta hanyar da ke fita kwalta kai tsaye, ina tafe ina shirya amsar da zan ba shi.

Na shigo gari da hantsi. Ina karyo kwanar lungunmu sai na ga tabarmi shimfiɗe tun daga ƙofar gidana har bakin masallaci, maza zaune jere, butoci a gefe, faifan goro da gumba na zagayawa. Ƙafata ta sauka daga feda da kanta. Na ce shi ke nan, Inna ta tafi ba na nan. Na sauka ina turo keken, ina jan innalillahi. Ga ni na rame, fuska duk ƙasumba, rigata ta yi jawur da ƙasa, kaina ba hula. Na matso na yi sallama.

Ban taɓa ganin abin da na gani ba. Wanda ya fara ɗago kai mai shayin bakin lungu ne, ya saki wata ƙara kamar an taka shi, ya tashi ya bi ta kan mutane. Kafin ka ce kwabo tabarmi sun zama fili. Dattawan da ke tafiya da sanda na ga sun bar sandunan, wani ya tsallake kwata da babbar riga, takalma ko'ina. In ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ni kuwa na tsaya riƙe da keke baki buɗe, har na waiwaya bayana in ga abin da suke gudu. Mutum biyu ne kawai ba su motsa ba, Liman da Baffa Mani, wan mahaifina, shi ma ina jin ƙafafun ne suka ƙi. Liman ya taso a hankali bakinsa na motsi, ya kama hannuna ya matsa, ya shafa fuskata, ya ce in yi kalmar shahada. Na yi, raina ya fara ɓaci, na ce wai me ke faruwa ne, wa ya rasu?

"Kai na," in ji Baffa. "Kai munka zauna ma. Yau addu'ar ukku."

A tsaitsaye Baffa ya ba ni labarin. Wani manzon mai garin Tungar Giginya ne ya zo da keke a bayan mota, yana tambayar gidan Ladan baduku. Iska ta kifar da jirgi a tsakiyar tafki, mai jirgin ya fita da ƙyar, baƙon da ya ɗauko bai fita ba. Sai bayan kwanaki ruwa ya kawo shi gaɓa, yadda ba mai iya gane fuska, suka yi masa sutura a take kamar yadda addini ya ce. Masunta suka jawo keken a taru, malamin tunga ya karanta sunan da ke jikin jakar fata. Mai jirgin ya ce su biyu ne, ɗayan ya zagaya ta tudu, shi ya sa aka tura mutum Marke neman Tukur a gaya masa amininsa ya rasu. Baffa na magana yana jan hannuna zuwa zaure, mutane sun fara dawowa ɗaya-ɗaya suna kabbara, ni kuwa kunnuwana sun ji amma kaina bai ɗauka ba, kamar labarin wani ake ba ni.

Sai da na shiga zaure na gan shi. Kekena ne jingine da bango, taɓo ya bushe a jikinsa, sarƙa ta yi tsatsa, ciyawar ruwa ta naɗe a wayoyin taya, rigar sirdin da na ɗinka da hannuna ta kumbura ta yi baƙi. Na dube shi, na dubi wanda ke hannuna. A nan ne maganar ta sauka. An binne mutum a bakin tafki, kuma na san ko wane ne, ni kaɗai a duk garin nan. Baffa ya bi idona, ya dubi baƙin keken da kariyarsa, na ga fuskarsa ta canza. Ya tura ƙyauren zaure ya rufe. Ya tambaye ni a hankali ko musanya muka yi, na ɗaga kai. Ya tambayi malfata, na ce tana kan Tukur.

"Saurara mani da kyau," ya ce. "Kowa ya san ruwa na neman gidanmu, kowa ya san alkawarinka da uwarka. In sunka ji ka ba shi kekenka da malfarka ya shiga jirgi kai ka bi tudu, cewa za su yi ka san abin da ka yi. Ba ka wanke kanka har ka mutu. Cikin ruɗanin ga ba wanda ya lura da abin da ka turo. Mu rufe shi da fatu. Ka ce ɓarawo ya sace naka, shi ruwa ya ci. Tukur kuwa kun rabu ga hanya, a bar ma Allah."

Kada ku zagi Baffa. Ba mugu ba ne, tsoho ne da ya binne ƙanensa da ɗansa saboda ruwa, ya ga an dawo masa da ni, yana son ya riƙe ni da mutuncina. Kuma duk abin da ya hango haka ya faru, bai yi kuskure ko na kalma ɗaya ba. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Gaskiya a wannan lokacin ban san abin da zan yi ba. Na jingine keken Tukur kusa da nawa na shiga cikin gida.

Labari ya riga ni shiga. Tsakar gida cike da mata, wasu sun maƙale a bango, wasu na leƙe ta bayan 'yan uwansu, sai wata ta rangaɗa guɗa, gidan ya ɗauka. Uwarku na zaune a ƙofar ɗaki cikin tufafin takaba, ba kwalli ba ɗan kunne, ta yunƙura za ta tashi ta koma ta zauna, tana kallona hawaye na zuba. Inna na kan tabarmarta da tazbaha. Ni ne ɗanta na fari, kun san al'ada, tunda ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido a gaban mutane ba. Rannan ta dube ni tun daga kai har ƙafa.

"Ladan," ta ce. "Ka shiga jirgi?"

"Ban shiga ba, Inna."

Ta ce to, ta juya fuskarta bango, kafaɗunta na girgiza. Ashe duk kwanakin nan baƙin cikinta biyu ne, na mutuwata da na cewa na mutu a kan saɓa mata. Na durƙusa a gabanta, kuma da a ce ranar ta tsaya a nan, da ita ce ranar da ta fi kowace daɗi a rayuwata.

Sai ga Luba ta fito daga madafa, muciya a hannunta, idanunta jawur da hayaƙi, tana dariya tana share hawaye da gefen zane. Daga baya na ji tun ranar da labari ya zo ba ta koma gidanta ta kwana ba. Ita ke dafa abincin masu zaman makoki, ita ke kwana kusa da Kulu tana ba ta haƙuri, ita ke yi muku wanka ku da kuke ƙanana. Ta tsaya daga nesa kamar yadda ta saba, ta ɗan rusuna.

"Barka da arziki, Malam Ladan, barka! Ni tun shekaranjiya aminin naka nika tunani, yadda za shi ji wanga labari shi kaɗai ga hanya, ga ciwon ƙafa. Ina ka baro shi?"

Gidan ya yi shiru ana jiran amsa, irin shirun masu jiran ƙarin abin farin ciki. Na hango Baffa tsaye a bakin zaure yana kallona. Maganar da ya ba ni tana nan a kan harshena, gajera ce, kuma kowa zai yarda. Amma sai na ga abin da ke bayanta. Na ga matar nan tana tura mutane Marke, tana tura su kasuwannin ƙauye, tana leƙa lungu duk lokacin da ta ji ƙararrawar keke, shekara da shekaru, ba ita ce matar aure ba, ba ita ce mai takaba ba, ni kuma ina wucewa ta ƙofarta kullum ina gaishe ta. Na ce mata ta zauna. Ta ƙi, dariyar ta fara barin fuskarta.

"Luba, keken da anka kawo nawa na, amma ba ni na shiga jirgi da shi ba. Musanya munka yi ga bakin ruwa. Ni na zagaya da nashi, ga shi can zaure. Shi ya shiga da nawa."

Ba ta yi ihu ba. Wasu matan ne suka yi ihun. Ita ta dubi muciyar da ke hannunta kamar ba ta san mece ce ba, ta juya ta koma madafa. Muna kallo ta tuƙa tuwon da ke kan wuta, ta sauke tukunyar don kada ya kama, ta rufe, ta wanke hannunta. Sannan ta fito ta tsaya a tsakar gida.

"Ashe abincin makokin mijina nika dafawa," ta ce.

Sai ta tafi za ta faɗi. Kulu ce ta tare ta, Kulu da ke cikin tufafin takaba, ta rungume ta a daidai wurin da ita Luba ta rungume ta kwana uku. Ban taɓa jin kuka irin na matan nan biyu ba, kuma ba na fatan in sake ji.

A waje Liman ya ce addu'ar da aka yi ba ta faɗi ƙasa ba, Allah ya san wanda ke cikin kabarin. Sannan aka yi abin da har gobe in na rufe ido nake gani. Aka naɗe tabarmin da aka shimfiɗa mini, aka ɗebi butoci da faifan goro da gumba, aka bi lungu da su zuwa ƙarshensa, aka shimfiɗa a ƙofar gidan Tukur. Mutanen da suka tashi su ne suka sake zama. Tukunyar tuwon da Luba ta sauke, ita aka ɗauka aka bi su da ita. Na je na zauna a cikinsu, ba wanda ya san abin da zai ce mini, barka ko ta'aziyya. Kafin azahar na lura tabarmar da nake kai ta yi fili, na dama ya matsa, na hagu ya matsa.

Daga nan maganar ta tashi, kuma ba ta kwanta ba har yau. Wai na san ruwa na nemana, na sa wa Tukur kamannina, kekena da malfata, don aljanun ruwa su ɗauka ni ne. Wai zazzaɓin ƙarya ne, ɓuya na yi har abin ya tabbata. Kai, mutane! Mutumin da muka ci a kwano ɗaya tun muna yawo ba wando. Masu kawo mini aiki suka ragu, wasu in sun hango ni sai su canza hanya, wata tsohuwa ta janye jikanta daga ƙofar zaurena a kan idona. Na yi faɗa har na gaji, na taɓa shaƙe wani a kasuwa sai da aka ɓamɓare ni, abin bai ƙara mini komai ba sai sabon suna. Na bi 'yan uwan Tukur a mota muka je muka ga kabarin, a kan tudu ƙarƙashin giginya, ana hango ruwa. Mai jirgin ya zo yana kuka, na tambaye shi don me bai tambayi sunan mutumin da ya ɗauka ba. Ya ce shi bai taɓa tambayar baƙo suna ba, Malam kawai yake ce masa, kuma har iskar ta taso Malam na ba su dariya. Tun daga ranar ban sake hawa keke ba. Nawa na ba wani mai faci kyauta, ban so in ƙara ganinsa. Baffa bai taɓa ce mini ai na gaya maka ba, amma har ya rasu in ya dube ni sai ya girgiza kai.

Da Luba ta fita takaba, na wanke keken Tukur, na sa masa mai, na hura tayu, na tura shi har ƙofar gidansu. Ana ta ɗaure kaya, za ta koma wurin wanta a unguwar Runjin Sambo da yaranta. Na yi sallama a zaure na ce na kawo amanar da aka ba ni. Ba ta fito ba, daga bayan labule ta yi magana, kuma ita ce magana ta ƙarshe da ta taɓa shiga tsakanina da ita, don har Allah ya karɓi ranta ba mu sake haɗuwa ba. Kulu ce ke zuwa wurinta, ni ban taɓa takawa ba, haka Luba ta roƙa.

"Malam Ladan, Kulu ta gaya mani abin da anka ce ka faɗa rannan. Da ka faɗe shi, da har yau ina aza mai tuwo ina rufewa. Abin da mutane ka cewa ban yarda da shi ba, ko rana ɗaya. Amma ba ni iya ganinka. In na gane ka, sai in duba bayanka ko yana biye da kai."

Na tsaya riƙe da keken. Can na ce to ina zan ajiye shi.

"Ya ce ka riƙe mai," ta ce. "Riƙe mai."

Ban san yadda ta san ya faɗi haka ba, wataƙila ni na faɗa a wurin makoki, wataƙila mijinta kawai ta sani. Na juya keken na turo shi na dawo ta lungun nan, na rataye shi inda kuke ganinsa.